Yadda Na Je Bungudu Tayar da Kwamfutar Malam Umaru

Tun da na dawo daga Zamfara ba ku bar ni na huta ba. Wannan ta tare ni a bakin aji, waccan ta biyo ni har gida: Rakiya, wai da gaske gyaran kwamfuta ya kai ki Bungudu? Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ta ɗauki nata ta ƙara masa gishiri. Har na ji wata na cewa wai a daji na kwana. To ga shi nan tun daga farko, wadda ta sake tambayata takardar nan zan miƙa mata.

Wasiƙa ce ta tayar da ni, a tsakiyar daminar casa'in da takwas. Sanusi ne ya aiko ta hannun wani direba, wani ɗalibina da na koya wa buga rubutu a kwamfuta wata uku a nan Zariya. Mahaifinsa, Malam Umaru, tsohon malamin dabbobi ne da ya yi ritaya a Bungudu. Shekara da shekaru yana bin rugage yana rubuta cututtukan shanu da itatuwan da makiyaya ke magani da su, kowanne da sunansa na Hausa da na Fulatanci, da sunan wanda ya faɗa masa. Da Sanusi ya koma gida sai ya aro kwamfuta a wurin kawunsa, ya koya wa tsohon, Malam kuwa ya zauna da yatsa biyu ya shigar da littafin. Takardun asali gara ta cinye su a akwati bayan haka. Yanzu kwamfuta ta ƙi tashi, wai tsawa aka yi wuta ta buge ta. Kawun ya ce ranar Asabar zai aiko a ɗauke ta a kai Kaduna a wanke ta a zuba mata sabon tsari. Kun dai san ma'anar wanki a aikinmu, ba abin da zai saura na littafin. Wasiƙar ta same ni ranar Talata.

Maigidana ya karanta ta sau biyu, ya dube ni, ya ce ya san ko ya hana ni jikina ne kawai zai zauna a gidan. Laraba da sassafe ina tasha. A jakata akwai sukudireba, da 'yar akwatin roba mai faifan filofi uku. Ɗaya daga cikinsu shi ne abin dogarona, faifan da ake tayar da kwamfuta da shi idan nata tsarin ya ƙi.

Har Funtuwa lafiya lau. Kusa da ni wata tsohuwa ce mai kwandon albasa, wadda ta ɗora rabinsa a cinyata ba tare da ta nemi izini ba, ta kuma yi ta yi mini tambayoyi. Da na ce mata gyaran na'ura zan je, ta ce, "Keken ɗinki?" Na ce kusan haka. Ta sa mini albarka.

Bayan 'Yankara, inda ƙasar Katsina ke ƙarewa, muka tarar da shingen bincike. Aka ce kowa ya buɗe jakarsa. Jami'in ya ɗaga akwatin faifaina, ya juya shi, ya girgiza a kunnensa, ya ce waƙar wa ke ciki? Na ce babu waƙa, aiki ne. Ya ce shi bai taɓa ganin kaset mai faɗi haka ba, ya yi dariya, ya miƙa wa direba. Ni a lokacin ina fama da albasa da ta zube a ƙafafuna, na ɗauka direban ya mayar mini a jaka. Ban duba ba, kuma laifina ne.

Muna shiga Tsafe taya ta fashe. Tayar ko-ta-kwana ma ba iska a cikinta, saboda haka muka yi zaman awa biyu a gindin wata bishiya a bakin titi. A nan na fara cin hoce. Ku da ba ku san shi ba, wani gasasshen abu ne na dawa, mai tauri da ɗan tsami. Na gatsa na ji haƙorina ya yi ƙara. Mai sayarwar ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce, "Wagga baƙuwa ta! Ba haka a ka ci nai ba." Ta karɓe, ta marmashe shi a kwano, ta zuba ƙuli da mai da albasa da yaji, ta miƙo mini. Kai, na ci har na nemi ƙari. Mu a Zariya mai abinci ta zuba miki ta juya, can kuwa sai ta tsaya a kanki ta ga kin ci daidai.

Da aka gama gyaran taya na leƙa motar, sai na hango akwatin faifaina a bayan kujera, ƙarƙashin gilashi, rana na dukansa, kuma a kan lasifikar rediyon motar aka ɗora shi. Zafi da maganaɗisu, abu biyun da nake hana ɗalibai kullum. Na ɗauko shi da zafinsa kamar an sauke daga murhu. Na zazzaga wa direban masifa, shi kuwa bawan Allah ya ce ai wuri mai kyau ya sama masa don kada a danne.

Muka wuce duwatsun Kwatarkwashi ban ko kalle su da kyau ba, hankalina na kan faifai. A Gusau na sauya mota, la'asar ta yi mini a Bungudu.

Gaisuwar mutanen can ba ta ƙarewa da wuri. Sai da aka tambaye ni hanya, da gajiya, da ruwa, da mutanen Zazzau kaf, aka sake komawa kan gajiya. Malam Umaru dogo ne siriri, yana zaune a kan buzu da carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Kin iso lahiya, ɗiyata? Allah shi yi albarka." Daga nan ya koma kan carbinsa.

Kwamfutar tana wani ɗaki kusa da zaure, an lulluɓe ta da zane mai ado, kuma ba a shiga da takalmi. Maƙwabta suka cika ƙofa. Na kunna ta. Ta ƙirga abin da take ƙirgawa, ta yi ƙara ɗaya, sai ta rubuto layi guda cewa ba ta ga fayil ɗin da ke karɓar umarni ba. Daga nan ta tsaya cak.

Na juya wurin Sanusi. "Ba wanda ya taɓa ta kafin ta yi haka?"

Ya sunkuyar da kai. "Tsawa ce, Malama."

"Ba a goge komai ba? Ba a sa mata wani faifai ba?"

"Tsawa ce aka yi."

Mutanen bakin ƙofa suka amsa, awo, tsawa ce, su ma sun ji ta. Na ce to. Na zura faifaina, ya yi gurnani, ya ƙi karantuwa. Na sa na biyu, na sa na uku, duk sun mutu a motar nan. Na ji kamar in zauna a ƙasa in yi kuka, amma ido ya yi yawa.

A cikin gida aka sauke ni, ɗakin matar Malam, Hajiya Kulu, wadda kowa ke kira Inna. Ta ba ni gadonta ta koma tabarma, na yi rantsuwa, ta yi wadda ta fi tawa. Tuwon dawa da miyar kuka, da man shanu har yana kwaranya. Na lura ba ta kiran sunan Sanusi, ɗan fari ne, sai dai ta ce yaron nan.

Alhamis tun da hantsi na kwance kwamfutar. Tunda an ce tsawa, tsawa na bi. Na shinshina ko zan ji ƙauri, babu. Na cire wayoyi na mayar, na zare ƙwaƙwalwarta na goge na mayar, na kasa kunne a jikin babban faifan da ke cikinta na ji yana juyawa lafiya. Kowane kunnawa layin nan dai take rubutowa. Har azahar ina abu ɗaya, gumi ya jiƙa mini mayafi. A ƙarshe na yanke cewa wutar ta lalata abin da ke kan faifan, kuma abin da ya rage shi ne in gaya wa tsohon nan gaskiya cewa aikin ya fi ƙarfina. Na shiga cikin gida ina shirya kalmomin da zan faɗa masa.

Na tarar da Inna tana dama fura a tsakar gida. Ta dubi fuskata, ta ce in zauna. Ta ci gaba da damunta, ba ta kalle ni ba, ta ce, "Ɗiyata, bar wahal da kanki. Babu wata tsawa."

Na ce, "Inna, me kika ce?"

"An yi tsawa, amma sai da abin ga ya kwana biyu da mutuwa. Malam ya taɓa ta."

Ta ba ni labari tiryan-tiryan. Wai ranar ya shigo yana faɗa, na'ura na ta yi masa ƙorafi wurinta ya cika, ta hana shi ajiye babin ƙarshe. Da ya duba sai ya ga wasu manyan jakunkunan fayil biyu a cikinta da ba shi ya rubuta su ba, bai kuma san amfaninsu ba, ga ɗaya ɓangaren kuwa wayam ba komai. Sai ya kwashe su ya mayar can, yadda yaron nan ya koya masa kwashe fayil. Ya fito yana murna, har ya ƙara tuwo. Washegari ta ƙi tashi.

Na ce, "Sanusi ya sani?"

"Shi ya hi kowa sani."

"Mutanen da ke bakin ƙofa fa?"

"Har mai shayin bakin titi ya sani. Amma wa za shi buɗe baki shi ce Malam ya yi ɓarna, gaban baƙuwa?" Ta miƙo mini ludayi. "Ni ma ban hwaɗa miki komi ba. Sha hura."

Wallahi raina ya ɓaci, kuma a lokaci guda na ji wani sanyi a ƙirjina. Haushin kusan kwana ɗaya da na ɓata ina neman ƙaurin da babu shi, da kuma murnar cewa littafin yana nan ba abin da ya same shi. Bari in yi wa waɗanda ba 'yan ajinmu ba bayani. Babban faifan kwamfutar an raba shi gida biyu, C da D. Idan aka kunna ta, akwai wasu ƙananan fayil biyu da take fara karantawa, su ke gaya mata inda kayan aikinta suke. Su kuwa har yanzu C suke cewa, alhali Malam ya mayar da kayan D. Sai ta je inda aka aike ta, ta tarar ba komai, ta tsaya. Gyaran bai wuce sauya harafi a 'yan layuka ba. Amma sai an shiga cikinta tukuna, shiga kuwa sai da faifan tayarwa mai rai.

Na tare Sanusi a zaure shi kaɗai. Na ce, "Kai da na zaunar wata uku ina koya maka, ka dube ni ka ce tsawa? Ka san saura ƙiris in ce wa Baba littafinsa ya ƙone?"

Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Malama, ubana ne."

Na ce masa gobe da sassafe zan shiga Gusau, shi kuma ya nemo janareto ya ajiye, don ban yarda da wutar garin ba.

Juma'a ke nan, saura kwana ɗaya. Gusau ta cika da sababbin ofisoshi tun da aka ba su jiha, amma kwamfuta sai an tona. Shagon farko allonsa ya ce akwai kwamfuta, na shiga na tarar da tafireta biyu, mai shagon ya ce kwamfutar tana hanya. Na biyu yana da ita. Na yi masa bayani, ya saurara yana kallon silin, ya ce shi ba mai sa masa faifai a na'ura, cuta ake ɗebo masa. Na ce sabo zan saya a gabansa. Ya ce in kawo kwamfutar kawai ya wanke ta, minti talatin an gama. Na ce wankin nan shi na baro Zariya don in hana. Ya ce ai mata ba su cika gane waɗannan abubuwa ba. Na tambaye shi sunan fayil biyun da kwamfutarsa ke karantawa idan ta tashi. Ya koma kallon silin, na yi masa sallama.

Na uku wata 'yar maɗaba'a ce a bayan kasuwa, inda ake buga katin biki. Na isa ana kiran farko na sallar Juma'a, mai wurin, wani Alhaji mai furfura, yana sa kwaɗo a ƙofa. Na ce, Alhaji, don Allah minti goma. Ya ce ko minti ɗaya ba shi da shi, liman ba ya jiran kowa. Na faɗa masa abin da ke tafe da ni a tsaye a rana, har da gara da makiyaya. Ya dube ni sama da ƙasa, sai ya cire kwaɗon, ya kunna mini kwamfutar, ya ajiye makulli a kan tebur. "In kin ƙare ki ruhe, ki ba mai goron can." Ya saɓa dardumarsa ya tafi. Ko sunana bai tambaya ba. Ku gaya mini shagon da za a yi mini haka a Sabon Gari.

Na sayi sababbin faifai shida a shagon kusa kafin shi ma ya rufe. Biyu na mayar na tayarwa, na zuba musu ɗan abin gyara rubutu, na gwada kowanne sau biyu a kwamfutar Alhaji. Na naɗe su a ɗankwali na rungume a ƙirji. A motar Bungudu kwandasta ya ce in kawo ya ajiye mini, na yi masa kallon da bai sake magana ba.

Kamar yadda na zata, babu wuta. Sanusi ya tayar da janareton da ya aro, ƙofa ta sake cika, Malam yana kan buzunsa. Na yi bismillah na zura faifai. Ya yi gurnani, ya yi, sai ga harafin A yana ƙyafta mini ido. Na shiga C. Ga jakar littafin nan, Malam ya sa mata suna SHANU, fayil-fayil a jere, babu wanda ya yi ciwon kai. Ban taɓa komai ba sai da na kwafe su kaf a faifai biyu, na sake kwafewa a sauran biyun, na miƙa wa Sanusi na ce ya kai wa Inna ta ɓoye nesa da rana da rediyo.

Sannan na leƙa D. Ga su nan zaune, jakar tsarin kwamfutar da jakar manhajar rubutu. Na yi tunanin mayar da su inda suke, sai na ga idan na yi haka C zai sake cikewa, a koma gidan jiya. Na bar su a inda Malam ya ajiye su. Na buɗe fayil na farko na bi layi-layi ina sauya C zuwa D, na buɗe na biyu na yi haka. Na cire faifaina, na kashe, na kunna.

Ta tashi. Bakin ƙofa aka ɗauki kabbara. Na buga sunan manhajar rubutu ina murmushi, sai ta ce ba ta san wannan ba. Tabɗi. Kabbara ta koma ciki. Na sake buɗe fayil na biyu, na bi shi da yatsa a kan gilashi. Can ƙasa, a wani dogon layi, ga C guda ɗaya da na tsallake, ni mai yi wa mutane faɗa. Na gyara, na kashe, na kunna, na sake bugawa. Shafin farko na littafin ya cika allo.

Malam ya miƙe, ya zo ya tsaya a bayana. Ya sa tabarau, ya ce in gangara da shafin ƙasa. Na gangara. Yana karanta sunayen a hankali, wane na rugar kaza, wane na rugar kaza, yana cewa Allah shi jiƙan wannan, Allah shi jiƙan wannan. Sun fi rabi waɗanda ya yi wa addu'ar.

Sai ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Malama, mi ya same ta?"

Sanusi ya kafe ni da ido. Ni da na kwana ina cika baki cewa gaskiya zan faɗa ko a gaban wa, na ɗaga kai na dubi tsohon nan, sai na kauce wa gaskiyar. Na ce, "Baba, hanya ce ta ɓace mata, na nuna mata."

Ya ce, "Ni na ɓatar mata da ita. Ni na kwashe kayan." Ya juya ya dubi ɗansa, ya dubi mutanen bakin ƙofa ɗaya bayan ɗaya. "Kwana goma sha biyu ina zaune bisa buzun ga ina jiran wani cikinku shi tambaye ni. Na aza na kashe maganar mutanen da sunka mutu da hannuna, bakina ya kasa hwaɗi shi kaɗai. Kowa ya zo sai shi ce mini tsawa."

Ba wanda ya ɗaga kai. Ni ma nawa a ƙasa yake, don kwanana uku a gidan, na tambayi Sanusi, na tambayi wayoyi, na tambayi faifai, ban taɓa durƙusawa na tambayi mutumin da ke aiki da kwamfutar kullum ba. Kunya ta kama ni sosai.

Na ce masa, kuma gaskiya ce, dabararsa ba ta ɓaci ba, kayan suna nan inda ya kai su, abin da ya rage kawai bai sanar da na'urar ba. Na nuna masa layukan da na sauya. Ya duƙa ya kalle su da kyau, ya sa na maimaita, ya tambaya ko yanzu akwai wurin ajiya. Na ce akwai, har ya yi yawa.

Ya gyara tabarau, ya naɗe hannun riga.

"To matsa mini, ɗiyata," ya ce. "Saura babi guda, gobe kuma Asabar."